Manga Mai Ban Tsoro: Hoto Ɗaya Ya Hana Barci, Amma Ina Labarin?

Duk wanda ya daɗe yana yawo a TikTok ko Instagram da wuya a ce bai taɓa cin karo da hoton nan ba: wata budurwa da aka zana da baƙar tawada, goshinta ya lotsa ciki ya zama rami mai murɗewa, ƙwayar idonta ɗaya na gangarawa cikin ramin. Ana buga shi a jikin riguna, ana liƙa shi a bayan waya, wasu ma shi ne hoton da ke kan shafinsu. Akasarin masu yaɗa shi ba su san sunan yarinyar ba, balle littafin da ta fito. Sunanta Azami, littafin kuwa Uzumaki ne, na mai zane Junji Ito, wanda aka riƙa bugawa babi-babi a mujallar Big Comic Spirits ta Japan daga 1998 zuwa 1999.

Yadda wannan hoto ya tsinke daga littafinsa ya kama yawon duniya shi kaɗai, ba tare da ya rasa komai na ƙarfinsa ba, ya isa ya nuna wa mai karatu inda ƙarfin manga mai ban tsoro yake. Ƙarfin yana cikin hoto guda da kuma daƙiƙar da ido ya faɗa kansa. Labarin da ke kewaye da hoton sau da yawa igiya ce kawai da aka rataye shi da ita, kuma igiyar ba koyaushe take da ƙwari ba. Wannan abu ɗaya shi ne sirrin farin jinin waɗannan littattafai, shi ne kuma tushen mafi yawan gazawarsu, har da dalilin da ya sa wayar hannu, wadda ta kai su ga miliyoyin matasa, take cin amanarsu ba tare da an lura ba.

Japanawa ba jiya suka fara sha'awar tsorata kansu ba. A zamanin Edo akwai wani wasan dare da ake taruwa a kunna fitilu ɗari, duk wanda ya ba da labarin fatalwa ɗaya sai ya kashe fitila ɗaya, ɗaki na ƙara duhu har a zo ta ƙarshe. Wasan kwaikwayon Yotsuya Kaidan na 1825, labarin Oiwa, matar da aka lalata wa fuska da guba ta dawo ɗaukar fansa, shi ne kakan duk wata fatalwa mai dogon baƙin gashi da ake gani a finafinan Japan na yau. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Shigeru Mizuki, wanda ya rasa hannunsa na hagu a fagen daga, ya dawo da dodannin gargajiya da ake kira yokai cikin zane da hannu ɗaya, a labarin Kitaro. Sai Kazuo Umezu, wanda ya rasu a watan Oktoban 2024 yana da shekara 88, ya kafa salon da ake bi har yau: manyan idanu a zazzare, baki a wangame, inuwa mai kauri da aka yi da ƙananan layuka.

Wani abin da kan ba sababbin masu karatu mamaki shi ne, kaso mai yawa na wannan adabi a mujallun 'yan mata ya girma. Umezu ya yi suna da labaran macen maciji a mujallar Shojo Friend cikin shekarun 1960. Shi kansa Ito, wanda aka haifa a 1963 a lardin Gifu, a hannun yayyensa mata ya fara ganin littattafan Umezu, kuma labarinsa na farko, Tomie, a mujallar 'yan mata ta Monthly Halloween ya fito a 1987, lokacin yana aikin ƙera haƙoran roba da rana, yana zane da dare. Wanda ya san haka idan ya dubi yadda yake zana dasashi da harshe da jijiyar ido, ba zai yi mamaki ba.

Inda tsoron yake zaune

A fim, darakta ne ke riƙe da lokaci. Shi ke yanke shawarar sa'ad da dodo zai faɗo, ya haɗa da ƙarar kiɗa, mai kallo ya zabura, bayan daƙiƙa biyu an wuce wurin. A manga ba kiɗa, ba motsi, ba launi. Makami ɗaya mai zane yake da shi, shi ne hannun mai karatu. Ana karanta littafin daga dama zuwa hagu, abin da ba zai zama baƙo ga duk wanda ya yi karatun allo ko ya saba da ajami ba. Ido na fara shafin dama, ya koma na hagu, ya sauka ƙasa, sannan a juya. Ƙwararren mai zane yana tara fargaba a ƙananan akwatunan da ke ƙasan shafin hagu: wani ya ɗaga murfi, wata ta waiwaya, fuska ta canza saboda abin da ta gani wanda mai karatu bai gani ba tukuna. Abin yana bayan takardar. Babu wanda zai nuna masa sai shi da kansa ya juya, kuma ya san cewa da ya juya ba zai iya goge shi daga ƙwaƙwalwarsa ba. Da ya juya kuwa, hoton ba ya wucewa kamar na fim. Yana nan a tsaye, ya cika shafi, yana jira a ƙare masa kallo.

Babin farko na Uzumaki darasi ne a kan wannan dabara. Garin Kurouzu ƙaramin gari ne a bakin teku, abin da ya addabe shi kuma ba aljani ba ne, ba maye ba, ba mai kisa ba. Siffa ce: layi mai naɗewa yana shiga tsakiya, irin na katantanwa, ko na maganin sauron nan na kunnawa (wanda shi ma, abin dariya, a Japan aka fara naɗa shi haka). Mahaifin Shuichi ya fara da tsugunawa yana kallon katantanwa a jikin bango, ya daina zuwa aiki, ya cika ɗaki da duk wani abu mai naɗi, ya koyi juya idanunsa biyu kowanne ta nasa ɓangaren. Daga ƙarshe aka ɗaga murfin wani bahon katako aka same shi ciki, ya naɗe jikinsa kamar gammo. Da aka ƙona gawarsa, kamar yadda al'adar ƙasar take, hayaƙin ya tashi yana murɗewa a sama. Matarsa ta kamu da kishiyar cutarsa, wato tsoron siffar. Ta aske gashin kanta, ta yanke fatar yatsunta saboda zanen da ke jiki, iyalinta da likita suna ta ƙoƙarin ɓoye mata cewa a can cikin kunnen ɗan'adam akwai wani sashe mai wannan siffa. Mai karatu ya riga ta sanin abin da zai faru ranar da ta gano, kuma wannan sanin shi ke tayar da tsigar jiki.

A nan gwanintar take. Ito ya ɗauki abin da ke cikin kofin shayi idan an juya cokali, da cikin guguwa, da kan yatsan kowa, ya mayar da shi abin ƙyama. Wanda ya karanta littafin zai yi kwanaki yana ganin siffar a ko'ina. Fim ɗin tsoro na yau da kullum yana ƙarewa idan an kunna fitila. Wannan kuwa yana bin mutum har wurin mai shayi.

Akwai abu na biyu da ke jan matashin da ya taso da tatsuniyar dodo da labaran aljanu da finafinan tsafi na Najeriya. A irin waɗancan labarai tsoro yana da dalili kuma yana da magani. Wani ya yi laifi, ko ya taka inda bai kamata ba, ko an yi masa asiri, daga ƙarshe a samu wanda zai karya abin, mugu ya ga sakayya. A duniyar Ito babu wannan lissafi. Mutanen Kurouzu ba su yi wa kowa komai ba. A wani gajeren labarinsa, manyan balan-balan masu kamannin fuskokin mutane suna shawagi a sararin Tokyo, kowacce da igiyar rataya a ƙasanta, kowacce tana neman mai fuskarta. Ba a faɗi daga ina suka zo ba, kuma duk wanda ya fasa tasa, kansa ne zai fashe. Wanda ya saba da labarin da ke ƙarewa da nasarar gaskiya, karon farko da ya haɗu da irin wannan, jikinsa kan yi sanyi ta wata hanya dabam, domin an cire masa sandar da ya saba dogarawa.

Sai dai kash

Matsalar tana fara bayyana ne idan aka rufe littafin aka tambayi kai: wace ce Kirie? Ita ce jarumar Uzumaki, da bakinta ake ba da labarin, amma bayan shafi sama da 600 mai karatu ba zai iya faɗin abin da take so a rayuwa ba, ko abin da ke ba ta dariya. Tun a babin farko Shuichi ya roƙe ta su bar garin. Ta ga hayaƙin gawa ya zama fuska, ta ga ɗan ajinsu ya rikiɗe ya zama dodon koɗi, gashin kanta ya tashi yana shan ƙarfin jikinta, amma babi na gaba sai a gan ta ta ɗauki jaka ta tafi makaranta kamar jiya ruwan sama kawai aka yi. Masu kare littafin suna cewa la'anar garin ce ta ɗaure ta. Ana iya karɓar wannan uzuri sau ɗaya ko sau biyu. Gaskiyar da ta fi sauƙi ita ce, mai zane yana buƙatar idon da zai tsaya yana kallo domin a samu babi na gaba, Kirie kuma kyamara ce aka sa wa kayan makaranta. Tsarin buga labari babi-babi a mujalla ya ƙara dagula abin, tunda kowane babi dole ya kawo sabon abin firgici nasa, ya kammala shi, a koma farko.

Illar wannan ba ƙarama ba ce. Idan mai karatu bai damu da mutum ba, mutuwarsa ba ta taɓa zuciya, sai dai ta tayar da ita. Ƙyama da tausayi ba abu ɗaya ba ne, kuma ƙyama tana saurin gundura. Shi ya sa wanda ya zauna ya karanta tarin gajerun labaran Ito uku a jere zai fara hango tsarin: yarinya kyakkyawa mai baƙin gashi, saurayi mai ramammiyar fuska, wani baƙon abu ya ɓullo, ya ƙaru, ya ƙaru, babban hoto, ƙarshe. Na farko ya hana barci, na goma sha biyar sai a riƙa duba saura shafi nawa.

Sannan ga matsalar saukar da labari. Rashin bayani ƙarfi ne a labari mai shafi 30, amma a mai shafi 400 yakan zama bashi, kuma lokacin biya Ito kan rasa kuɗi. Gyo, wanda ya fito daga 2001 zuwa 2002, ya fara da tunani mai firgitarwa: kifaye masu ƙafafun ƙarfe suna fitowa daga teku a Okinawa, suna tafe da warin gawa. Babban kifin shak yana hawa matakalar gida hoto ne da ba a mantawa. Amma da aka zo bayani sai aka jingina abin ga wani gwajin ƙwayar cuta na sojojin Japan lokacin yaƙi, daga nan labarin ya shiga wani filin wasan sakos, ya rasa hanyar fita. A Remina, wata duniya mai ido da harshe tana haɗiye sauran duniyoyi, jama'a kuma suka ɗora laifin a kan yarinyar da aka sa wa duniyar sunanta. Sashen farautar yarinyar yana da ma'ana, musamman ga wanda ya taɓa ganin yadda ake yi wa mutum rubdugu a shafukan sada zumunta. Amma ƙarshensa, inda mutane ke tashi sama suna bin juna a kewayen duniya, ya fi kusa da katun ɗin yara. Ba Ito kaɗai ba ne. I Am a Hero na Kengo Hanazawa ya yi juzu'i 22 daga 2009 zuwa 2017 yana gina ɗaya daga cikin mafi kyawun labaran gawa mai tafiya, ya rufe ya bar masu karatu da tambayoyi a hannu, har yau ana yi masa ƙorafi.

Kada a ce salon ne ya gaji haka, domin akwai waɗanda suka nuna ba dole ba ne. The Drifting Classroom na Umezu, daga 1972 zuwa 1974, labarin makarantar firamare ce da ta ɓace da ɗalibanta ta faɗa wata busasshiyar duniya ta nan gaba. Malamai suka haukace, mai kawo abincin rana ya zama azzalumin sarki, yara 'yan aji shida suka koma kafa gwamnati. Kowa a littafin ihu yake yi, wannan gaskiya ne, har yakan gaji da kunne duk da ba sauti. Amma akwai Sho da mahaifiyarsa, waɗanda suka rabu da safe cikin faɗa, ita kuma ta ƙi yarda ɗanta ya mutu ko da gari duka ya ɗauke ta mahaukaciya. Saboda wannan uwa, duk abin da ya sami yaran yana da nauyi. Haka Blood on the Tracks na Shuzo Oshimi, wanda ya kammala a 2023. Babu dodo ko ɗaya a ciki, uwa ce kawai mai son ɗanta fiye da kima, da murmushinta bayan ta tura ɗan dangi daga kan dutse. Oshimi kan ɓata shafi huɗu a kan fuska ɗaya tana canzawa a hankali. Ya fi kifi mai ƙafa ban tsoro nesa ba kusa ba.

Akwai kuma batun mata, wanda bai kamata a tsallake ba. Tomie yarinya ce mai tabo a ƙasan idon hagu, duk namijin da ya gan ta sai ya haukace a kanta, ya kashe ta, ya daddatsa ta, kowane yanki kuma ya tsiro ya zama sabuwar Tomie. An shafe shekara 13 ana maimaita wannan. Wasu na karanta shi a matsayin tonon asirin maza masu ɗaukar mace kayan mallaka, kuma akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma littafin ya kuma zana ta a matsayin maƙaryaciya mai wulaƙanci wadda kusan ita ke jawo wa kanta, kyamarar mai zane kuma tana daɗewa a kan gawar fiye da yadda darasin ke buƙata. Kaori ta cikin Gyo ba ta da aiki sai ƙorafi da kururuwa kafin a mayar da jikinta abin ƙyama. A can gefen wannan adabi kuma akwai reshen da Japanawa ke kira ero guro, mai haɗa batsa da yanka, wanda ba shi da abin da zai ba mai karatu illa gwajin ko cikinsa zai ɗauka. Shafukan satar littattafai ba sa tambayar shekaru, suna jera wannan da wancan wuri ɗaya. A gidan da waya ɗaya ke zagayawa tsakanin yaya da ƙanne, wanda ya sauke irin waɗannan shafuka ya bar su cikin ma'ajiyar hotuna ya yi ganganci, domin a cikinsu akwai kisan kai da tsiraici da jini ba kaɗan ba.

Abin da sikirin ya cinye

Hujja mafi ƙarfi cewa tsoron a takarda yake zaune ita ce abin da ke faruwa duk lokacin da aka yi ƙoƙarin ɗauke shi daga kanta. An yi Junji Ito Collection a 2018, aka yi Junji Ito Maniac a Netflix a 2023, duka biyun da launi da motsi da murya, duka biyun kuma masoya littattafan suka karɓe su da sanyin jiki. Layuka dubu da Ito ke zubawa a fuska ɗaya ba za a iya maimaita su a kowane motsi ba, sai a sauƙaƙe, da an sauƙaƙe kuma sai dodon ya koma abin wasa. Babban fata ya koma kan Uzumaki na tashar Adult Swim, wanda aka sanar tun 2019, aka yi ta ɗagawa har ƙarshen Satumban 2024. Kashi na farko, cikin baƙi da fari, ya burge kusan kowa. Mako guda bayan nan kashi na biyu ya fito da zane mai rauni har ya zama abin barkwanci a intanet. Ɗaya daga cikin shugabannin aikin, Jason DeMarco, ya fito ya ce an yi musu ba daidai ba a tsakiyar aiki, zaɓin da ya rage musu shi ne su binne shirin, ko su nuna kashi ɗaya kawai, ko su saki huɗun yadda suke. Amma ko da kuɗi sun isa, cusa babi kusan 20 cikin kashi huɗu ya riga ya kashe abin, domin hoton da ya kamata a zauna da shi minti guda yana wucewa kafin a ƙifta ido.

Wayar hannu tana yin irin wannan ɓarna, a hankali dai. A Japan kanta karatun manga ya koma sikirin: a 2023 kasuwar ta kai kimanin yen biliyan 694, kusan kashi 70 cikin 100 kuma na karatu a na'ura ne. Amma an zana Uzumaki ne domin mujalla mai faɗin santimita 18, idan hoto ya ci shafi biyu ya zama 36. Fuskar waya mai inci shida da rabi ba ta fi santimita 7 a faɗi ba. Layukan da aka zana ɗaya bayan ɗaya sai su haɗe su zama toka. Ɗigo-ɗigon da ake yin inuwa da su, idan an matse su, sukan haifar da wasu ratsi-ratsi na ƙarya da babu su a asalin zanen. Idan kuma shafin ya bi ta WhatsApp ko Telegram a matsayin hoto maimakon fayil, manhajar ta rage masa nauyi, abin da ya iso sai ya zama inuwar inuwa.

Mafi muni shi ne tsarin jan shafi daga ƙasa zuwa sama, wanda yawancin shafukan karatu na kyauta ke buɗewa da shi. A wannan tsari babu juyawa. Saman babban hoton yana leƙowa tun ido bai gama da akwatin da ya gabace shi ba, a fara ganin gashi, sannan goshi, sannan ido, kaɗan-kaɗan kamar ana ɗaga labule. Duk tarkon da mai zane ya ɗana ya tashi a banza. Wanda ya karanta Ito ta haka ya ce bai ga abin tsoro ba, bai yi ƙarya ba, amma ba littafin ya karanta ba.

Ba wai sikirin ba ya iya tsoratarwa ba ne. Koriya ta Kudu ta nuna yana iyawa idan domin shi aka yi aikin. A 2011 wani mai zane da ake kira Horang ya saki Bongcheon-Dong Ghost a dandalin Naver, inda mai karatu ke jan shafi a nutse, kwatsam wata 'yar manhaja da aka ɓoye a shafin ta ƙwace jan daga hannunsa, hotuna su ruga da kansu tare da ƙara, fatalwar ta juyo da kai. Mutane sun yi jifa da na'urorinsu. Sai dai wannan dabarar fim ce, zabura ce ta daƙiƙa ɗaya, ba irin tsoron da ke bin mutum wurin mai shayi ba. A Japan ma sababbin masu zane da suka taso a intanet, irin su Mokumokuren mai The Summer Hikaru Died da ya fara fitowa a 2021, sun koyi zana shafin da zai yi aiki a ƙaramar fuska: akwatuna kaɗan, baƙi mai yawa, rubutun kukan ƙwari ya cika sarari har ya dame mutum.

Gyaran da ke hannun mai waya ba shi da tsada. Kusan kowace manhajar karatu tana da zaɓin shafi ɗaya-ɗaya daga dama zuwa hagu, wanda ke dawo da juyawar, ko da da shafar yatsa ne. Idan an zo hoto mai shafi biyu a kwantar da wayar. Mai babbar na'ura ta tablet ya fi kowa morewa, mai sikirin na AMOLED kuma yana da riba ɗaya da ko takarda ba ta da ita, domin baƙinsa baƙi ne na gaske, fitilun wurin a kashe suke. Samun littattafan ta halastacciyar hanya ne ya fi wuya. Manga Plus ta kamfanin Shueisha, da aka buɗe a 2019, kyauta ce, amma kayan mujallun Jump ne a ciki, babu Ito. Akasarin fassarar Turancinsa a hannun Viz Media take, ta Faransanci kuma, ga masu karatu a Nijar da Kamaru da Chadi, kamfanin Mangetsu na fitar da kaso mai yawa, duka kuma da kuɗin waje ake saye. Shi ya sa matasa ke faɗawa shafukan sata, inda kowace taɓawa ke buɗe tallar caca ko ta batsa, wasu ma su tura wa mutum manhajar da ba a san abin da ke cikinta ba. Masu buga littattafai a Japan ba wasa suke da batun ba: a 2024 wata kotu a Tokyo ta umarci mutumin da ya gudanar da shafin Mangamura ya biya manyan kamfanoni uku diyyar yen biliyan 1.7, bayan ya riga ya sha ɗauri.

Wanda ke son gwada duk wannan magana da kansa ba sai ya sayi littafi mai shafi 600 ba. A ƙarshen juzu'i na biyu na Gyo akwai wani gajeren labari, The Enigma of Amigara Fault, shafi talatin da 'yan kai, wanda ya fi Gyo ɗin kansa daraja. Girgizar ƙasa ta tsaga wani dutse, sai ga ramuka birjik a jikinsa, kowanne da siffar mutum a tsaye. Waɗanda suka gani a talabijin suka riƙa tahowa daga nesa, domin kowannensu ya hango ramin da ya yi daidai da jikinsa, ya kuma tabbata domin shi aka sassaƙa. Suna kuka, suna tsoro, suna tuɓe kaya suna shiga, ramin kuma ba ya barin a juyo. A nan raunin Ito bai samu lokacin bayyana ba. Ba a buƙatar sanin tarihin Owaki da Yoshida, tunda abin da ke jan su kowa ya san irinsa, wato sha'awar abin da mutum ya san zai halaka shi, kuma labarin ya ƙare kafin a nemi bayani. Bayan watanni, a ɗaya gefen dutsen, masu bincike sun tarar da wasu tsagogi dogaye, karkatattu, marasa kama da mutum. Ɗayansu ya haska tocila cikin guda. Akwatin ƙarshe na wannan shafi fuskarsa ce kawai. Abin da ya gani yana shafi na gaba, kuma a wayar da aka saita ta a kan jan shafi sama, kan abin ya riga ya leƙo tun mutumin bai kunna tocilar ba.